Amsa ga 'yar'uwa mai shan tamoxifen da barci ya gagare ta

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce tun da aka ɗora ki a kan tamoxifen kike farkawa tsakar dare sharkaf da gumi, har kina tunanin ajiye shi. Don Allah kada ki ajiye. Ana shan sa shekara 5 zuwa 10 ne domin ya rage haɗarin dawowar sankarar mama.

Maganin yana tare aikin sinadarin estrogen, shi ya sa zafi ke taso miki farat ɗaya kamar macen da al'ada ta ɗauke mata. Ga kuma zafin Kaduna na Maris da Afrilu, ga ɗauke wuta. Ki kwana da rigar auduga mara nauyi, ki ajiye ruwan sanyi da wata rigar canji kusa da gado. Shayi, Nescafe da goro, ki bar su daga la'asar, yaji ma ki rage da daddare. Barcin rana kada ya wuce rabin awa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ki gaya wa likitanki ƙarara, ko a asibitin Barau Dikko ake duba ki ko a na Shika. Yana iya mayar miki da lokacin sha zuwa safe, kuma akwai gabapentin da venlafaxine masu rage wannan zafin. Amma paroxetine, wani maganin damuwa, yana raunana aikin tamoxifen, saboda haka kada ki sayi komai a kemis da kanki. Kayan mata da jiƙe-jiƙe ma sai kin nuna masa tukuna.