Takardun shaidar sauka: mu sayi manhaja ko Word ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata makarantar Islamiyya a Gusau. Duk shekara nakan zauna in buga takardun shaidar sauka ɗaya bayan ɗaya, ga rasit na kuɗin makaranta. Sunayen ɗalibai duk suna cikin Excel. Wani ya kawo mana tallar manhajar da za ta riƙa cike su da kanta, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba. Mu saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ku riƙe kuɗinku. Abin da yake tallatawa yana nan cikin Word ɗin da ke kwamfutarki, ana ce masa Mail Merge. Ki tsara takardar sau ɗaya, ki shiga Mailings, ki danna Select Recipients ki nuna masa fayil ɗin Excel, sannan ki bi Insert Merge Field ki dasa gurbin suna da aji da rana. In babu lasisin Office, LibreOffice kyauta ne, shi ma yana wannan aikin.

Wahalar gaskiya tana cikin jadawalin Excel ɗin, kuma ko manhajar miliyan kika saya ba za ta gyara miki shi ba. Layin farko na kanun ginshiƙai ne kawai: Suna, SunanMahaifi, Aji, Rana. Kada ki ɗora sunan makaranta a samansa don ado, kada ki haɗe akwatuna, kowane ɗalibi layinsa guda. Ki raba sunan yaro da na mahaifinsa, domin gobe za ki so rubuta wa uban takarda shi kaɗai.

Sai abin da ke ba mutane haushi. Excel yakan cinye sifirin farko, lambar waya mai farawa da 080 ta koma 80, lambar asusun banki mai lamba 10 ta dawo 9. Ki mayar da ginshiƙin Text, wato rubutu ba lamba ba, kafin ki fara shigarwa. Rana kuma, Word yakan juya ta irin ta Amurka, wata kafin rana, sai 3 ga Yuni ta fito kamar 6 ga Maris. Mafi sauƙi, ki rubuta ranar da kalmomi, ta Hijira da ta Miladiyya, kowace a ginshiƙinta.

Ki auna gurbin suna da mafi tsawo, irin su Abdurrahman Muhammadu Bashir, ba Ali ba. Ki kuma duba ko salon rubutun da kika zaɓa yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa daga masu ƙyalƙyali ba sa yi.

Sayen manhaja sai ranar da kuka so iyaye su riƙa duba sakamako ta waya, ko malamai da yawa su shigar da maki lokaci guda. Kafin nan, a Finish & Merge ki zaɓi Edit Individual Documents, ki karanta sunayen, ki gwada guda a farar takarda kafin ki sa mai tsadar a firinta.