Amsar maigida kan ciwon kafaɗa wajen pomp

Ɗana, ka ce yaran da na bar maka a filin gefen Roumdé Adjia, a Garwa ta Kamaru, suna yin pomp (atisayen dafa ƙasa da hannu ana sauka ana tasowa) hamsin-hamsin, amma ƙirji bai cika ba, sai kukan kafaɗa suke yi. Ka tambaya ko a ƙara musu yawa. A'a, ragewa za ka yi.

Gobe ka tsaya ta wajen kan yaro ka duba gwiwar hannunsa. Za ka tarar ya baje ta waje, ta yi daidai da kafaɗa. A haka nauyi mai yawa yana sauka kan gaɓar kafaɗa. Ka sa ya ajiye tafin hannu ɗan faɗi kaɗan fiye da kafaɗa, ya jawo gwiwar hannu ta karkato wajen haƙarƙari, kusan digiri 45, ba manne da jiki ba, ba a baje ba. Daga ƙeya zuwa dunduniya jiki ya miƙe kamar taɓarya. Ya ɗaure ciki, ya matse ɗuwawu. Da zarar ka ga kwankwaso ya lotsa ƙasa, ko ɗuwawu ya tashi sama, ƙirgen ya ƙare ke nan, ko da a na shida yake. Ƙirji ne zai kusanci ƙasa, ba haɓa ba. Yara suna son miƙa wuya su taɓa yashi da baki don a ce sun sauka, kada ka lissafa musu wannan. Ya ja numfashi yana sauka a hankali, ya fitar yana tasowa. Wanda ya kasa goma masu tsabta, ya dafa benci ko katanga ya fara daga nan, babu abin kunya a ciki. Ni na fi son haka da a durƙusa a kan gwiwa, don jiki yana koyon miƙewa tun farko.

Atisayen tsuguno kuwa ba zai ba ka wahala ba, mutanenmu sun saba da shi tun suna ƙanana. Ƙafa daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje, gwiwa ta bi inda yatsu suka nufa, kada ta faɗa ciki. Dunduniya ta zauna a ƙasa.

Sai hutu, wanda na ga kana raina shi. Tsoka a lokacin hutu take ginuwa, don haka ka bar kwana ɗaya tsakani kafin a sake takura wa wuri guda. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce babba ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma kwana 3. Ba ta ce kullum ba.

Gajiyar tsoka daban, zafi mai suka a cikin gaɓa daban. Yaron da ya ce maka kafaɗa na sukarsa, ka tsayar da shi, in abin ya kwana biyu bai lafa ba a kai shi asibiti. Kuma ka san zafin Garwa a Maris da Afrilu, yakan wuce digiri 40. Ku fito bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, kowa da gorar ruwansa.