Amsa Ga Mai Koyon Tace Fim

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na cire ƙarar ganga da fito da ka jera a ƙarƙashin kowace faɗuwa a fitowar da ka tace jiya, alhali kuwa, a cewarka, haka masu camama suke yi, kuma kasuwa tana karɓa. Amsarka tana cikin wani fim da yawancin abokan sana'armu ba su taɓa jin sunansa ba, duk da cewa a nan maƙwabta aka yi shi, a Nijar.

Sunansa Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, kuma Moustapha Alassane ne ya shirya shi a shekarar 1966. Mutumin nan da kanikanci ya fara, sannan ya koyi aikin fim a Yamai tare da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, ya je Kanada ya ƙaro ilimin zanen katun a wurin Norman McLaren, daga baya ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. Labarin gajere ne. Wani saurayi mai suna Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi, kowannensu ya yar da sunan da aka raɗa masa ya ɗauki na Turawa, suka samo dawaki, suka shiga addabar mutanen garinsu. A cikin 'yan wasan akwai Djingarey Maïga da Zalika Souley, wadda ta zama fitacciyar 'yar wasan ƙasar.

Abin da nake so ka lura da shi, ba ka ganin 'yan wasan suna roƙon ka yi dariya. Samarin da gaske suke kaboyancinsu, fuska a murtuke, tafiya da ƙasaita, kai ka ce a Texas aka yanke musu cibiya. Dariyar tana zuwa ne sa'ad da idonka ya haɗa su da abin da ke kewaye da su, wato filin Sahel da gidajen ƙauye da dattawan da ba su san kan wannan sabon hauka ba. Dole a bar hular kaboyi da ƙauyen su zauna a hoto ɗaya, a kuma ba mai kallo lokacin da zai gano saɓanin da kansa, domin wanda ya gano abin dariya da idonsa ya fi wanda aka buga wa ganga aka ce ga shi nan jin daɗinsa. Kai kuwa da zarar jarumi ya zame, sai ka yanke ka kai mu kan fuskarsa, ka bi shi da fito, ka kashe abin tun bai nuna ba.

Akwai kuma wata riba. Da yake ba a mayar da samarin wawaye ba, lokacin da wasan ya rikiɗe ya zama ɓarna da zubar da jini, mai kallo yana yarda, har ya tsinci kansa yana tambayar me sinimar Turawa ta yi wa matasan wancan zamani. Da an cika farkonsa da ƙarar ban dariya, da ƙarshen bai kama zuciya ba.

Rashin shahararsa a wurinmu ba laifin aikin ba ne. Tsawonsa minti 34 ne kawai, bai kai a sayar masa da tikiti shi kaɗai ba, sunansa na Faransanci ne, kuma bai taɓa shiga kasuwar kaset da faifai da ta raya finafinanmu na Kano ba. Abin takaici, an tattara ayyukan Moustapha Alassane an nuna a New York a 2017, mu da muke jifa ɗaya da Tawa muna zaune ba labari.

Ka kalle shi sau biyu, na biyun ka rage murya, ka riƙa ƙirga daƙiƙun da kowane hoto yake yi kafin a yanke. Sannan ka koma kan fitowarka, ka mayar da hoton nesa inda ake ganin mai faɗuwa tare da masu kallonsa, ka bar shi har mutumin ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ka kawo mini gobe bayan Azahar.