Sukarin Baba na hawa alhali ya daina cin abinci

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce gyambon ƙafarsa ya ruru, zazzaɓi ya hana shi cin abinci, amma gwaji ya nuna sukarinsa ya haura, har kina zargin na'urar. Ba laifin na'ura ba ne. Na daɗe ina aikin jinya, kuma wannan abu ne da muke gani a kai a kai.

Fararen ƙwayoyin jini da ke tsaron jiki, idan lafiya lau ake, suna ƙona sukari da kitse a hankali, kamar wutar gawayi. Da cuta ta shigo sai su koma wutar kara: su zuƙi sukari mai yawa, su ƙona shi rabi-rabi, su zubar da sauran a matsayin sinadarin laktet. Ta wannan hanya ƙwayar sukari ɗaya na ba da ma'aunin ƙarfi 2 kacal, maimakon kusan 30, sai dai akwai sauri, kuma guntayen da suka rage da su ake gina sababbin ƙwayoyi da makaman kashe cuta. Otto Warburg, Bajamushe, shi ya fara lura da irin wannan cin almubazzaranci, a ƙwayoyin ciwon daji, a shekarun 1920.

To ina za a samo sukarin, mutum ba ya ci? Hanta ce ke haɗa shi, har da naman jikin mara lafiyar take narkarwa, shi ya sa kike ganin rama. A lokaci guda sinadaran kumburi suna sa tsoka ta daina jin insulin sosai, wato sinadarin da ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, don a bar wa masu yaƙi abincin. Mai lafiya jikinsa na daidaita wannan. Mai ciwon suga kuwa, ina!

Kuskuren da ya fi damuna shi ne dangi su dakatar da allurar insulin wai don bai ci komai ba. Na ga wanda aka kawo a sume saboda haka. Ku riƙa gwadawa sau da yawa a rana, ya sha ruwa, likita ne zai rage ko ya ƙara magani. Gyambon kuma a kai shi asibiti yau, don da wuya sukarin ya daidaita idan ba a kashe cutar ba.

Maleriya mai tsanani takan yi akasin haka, musamman ga yara da masu ciki, sukari faɗuwa yake yi. Idan zazzaɓin bai sauka ba, a gwada masa ita ma.