Tambaya da Amsa: An hana maigidana kuɗin nakasa saboda ciwonsa ba ya ganuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana saje ne mai ritaya, ya daɗe a fagen daga a Borno. Tun dawowarsa ba ya barci, ko kwano ne ya faɗi sai ya zabura, ranar kasuwa kuwa ba ya leƙa waje. Ya nemi kuɗin nakasa, aka amsa masa cewa ba a ga alaƙar ciwon da aikin soja ba. Akwai sauran abin yi? (Wata uwargida daga Zuru, jihar Kebbi)

AMSA: Wa alaikumus salam, uwargida. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan jinya. Akwai abin yi, kuma amsar da aka ba ku ta nuna inda gyaran yake.

Abu biyu ake dubawa: girman ciwon, da kuma ko aikin ne ya jawo shi ko ya tsananta shi. Sojan da ya rasa ƙafa, rauninsa ke yi masa magana. Firgici ba shi da tabo, don haka takarda ce za ta tsaya a madadin tabon. A nan masu irin wannan koke suka fi faɗuwa, ba don ƙarya suke yi ba, sai don fayil ɗinsu bai nuna komai ba.

Ku fara da rahoton likitan ƙwaƙwalwa na asibitin gwamnati, kamar Asibitin Tarayya na Kware a jihar Sakkwato. Zuwa sau ɗaya bai isa ba, katin da ke nuna ana ganinsa a kai a kai ya fi nauyi. Rahoton ya ƙunshi sunan ciwon, lokacin da ya soma, abin da ya faru da shi a bakin aiki, maganin da yake sha, da abubuwan da ciwon ya hana shi yi. Alamun da kika lissafa sun yi kama da abin da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke bin mummunan tashin hankali, amma likita ne zai tabbatar. A wasu mutane, wannan ciwo ba ya bayyana sarai sai bayan wata 6 ko fiye da faruwar abin. Ku roƙi likita ya rubuta hakan ƙarara, domin shi ne amsar mai cewa ai lafiya lau ya bar aiki.

Sai haɗa ciwon da aikin. A tattaro takardar sallama, takardun tura shi wurin aiki, sunan bataliyarsa, gari da shekarar da abin ya faru. Kada ku raina tsohon katin asibitin bariki, ko da ciwon kai ko rashin barci kawai aka rubuta a ciki, tunda yana nuna matsalar ta soma yana cikin kaki. Abokan aikinsa biyu da suka shaida abin su rubuta bayani da lambar aikinsu da sa hannu, in so samu ne a yi rantsuwa a kai a kotu.

Ke ma kina da aiki. Ki sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki riƙa rubuta abin da kika gani da kwanan wata, tsawon wata 1 ko 2: "Daren Talata ya farka ƙarfe biyu yana ihu, gumi ya jiƙe rigarsa, bai koma barci ba har asuba." Ki kai wa likita. Irin wannan ya fi a ce "yana shan wahala" sau goma.

Daga nan sai ku rubuta takardar koke, kada ta wuce shafi 2. A ambaci dalilin da aka bayar, a amsa shi da hujja, a nemi kwamitin likitoci ya sake duba shi tare da likitan ƙwaƙwalwa. A miƙa ta hannun rundunar da ya yi wa aiki, a aika kwafi ga Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Ku riƙe takardun asali, ku tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Reshen Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji na jiha kan taimaka da bin sawu. In aka yi shiru bayan tunatarwa, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a na da ofis a kowace jiha, kuma ba ta karɓar kuɗi. Ku ga lauya da wuri, saboda wasu ƙararrakin da ake kai hukumomin gwamnati wa'adinsu wata 3 ne kacal. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya ɗaga fayil, ku guje shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne ranar zaman kwamiti. An horar da soja ya haɗiye ciwo, sai a tambaye shi ya ce "lafiya lau", a rubuta hakan. Ya faɗi yadda mafi munin ranakunsa suke, ba ragi ba ƙari. In ya taɓa shan tiramadol ko ƙwayar barci don samun sauƙi, ya faɗa da bakinsa. In kuwa ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a kai shi asibiti a ranar, maganar kuɗi ta jira.

TAMBAYA: Ni tsohon kofur ne. Ruƙiyya kawai ake yi mini, ina gudun asibiti kada a ce na haukace. Takardar malamina za ta yi? (Daga Gusau, jihar Zamfara)

AMSA: Ba za ta yi ba, ɗan'uwa, rahoton likita kwamiti ke aiki da shi. Ci gaba da addu'a, ka haɗa da asibiti. Fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, in da buƙata su tura ka gaba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta hana nuna wa mai irin wannan ciwo wariya, ta kuma wajabta riƙe sirrinsa. In an ɗora ka kan magani, yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ka ji sauƙi sosai, kuma kada ka yanke shi kai tsaye ba da sanin likita ba.