Bikin Yini Ɗaya Ko Ɗaukar Nauyin Masu Sana'a? Amsa Ga Matasan Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a cikin birnin Katsina. Mun yi karo-karo, wasu attajiran unguwa suka ƙara mana, muka ware kuɗin domin raya al'ada. Yanzu kanmu ya rabu. Wasu na son a shirya gagarumin bikin al'adun gargajiya a gayyato manya. Wasu kuma sun ce a wannan hali na tsadar rayuwa da rashin tsaro, kashe kuɗi a kan kiɗa da rawa almubazzaranci ne, gara a sayi hatsi a raba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Shawarata a taƙaice ita ce kada ku zuba kuɗin nan a bikin yini ɗaya, kada kuma ku yarda da masu cewa al'ada kiɗa da rawa ce kawai. Ɓangarorin nan biyu da ke jayayya a cikinku kuskure iri ɗaya suke yi: duka suna kallon al'ada a matsayin abin kallo, alhali a Katsina sana'a ce da gidaje da yawa ke ci daga gare ta.

Ka tsaya a filin Kangiwa ranar hawan sallah ka ɗauki doki ɗaya ka ƙare masa kallo. Sirdin nan masassaƙi ne ya sassaƙa shi, baduku ya lulluɓe shi da fata, fatar kuma sai da ta bi ta hannun majemi. Linzami da likkafa aikin maƙeri ne. Jalalar da aka shimfiɗa a kai wani ya zauna ya ɗinke ta da hannu. Rigar mahayin, in aska takwas ce, ta ci makonni a hannun maɗinki, ta je wurin mabugi. Ga mai kakaki, ga mai algaita, ga mai tambari, ga yaron da ke yankan ciyawa. Doki ɗaya ke nan. Da aka dakatar da hawa a 2020 saboda korona, da sauran shekarun da matsalar tsaro ta sa aka ɗage shi, masu kallo nishaɗi suka rasa, waɗannan kuwa abinci suka rasa. Saboda haka masu cewa a sayi hatsi ka gaya musu cewa mai biyan baduku kuɗin aikinsa shi ma hatsi ya saya, sai dai ya saye shi ta hanyar da ba ta zubar da mutuncin kowa ba, kuma gobe ma akwai.

To me ya sa nake hana ku bikin? Domin na san inda kuɗin biki ke tafiya. Hayar rumfa da kujeru da lasifika, abincin manyan baƙi, man motoci, katin gayyata, mai gabatarwa, mai ɗaukar bidiyo. Makaɗan da aka ce saboda su aka taru su ne na ƙarshe da ake sallama, sau da yawa da "kuɗin mota" da Allah ya saka da alheri. Babban baƙo ya yi jawabi a kan muhimmancin al'ada, ya yi alkawarin gudummawa, a tafa, a watse. Washegari marinin da aka ɗauki hotonsa ya koma bakin karofinsa babu wanda ya kawo masa ko yadi ɗaya.

Domin ka gane inda gizo ke saƙa, sai ka duba yadda ake riƙe masu fasaha a da. Kowane makaɗin fada yana da ubangida. Basarake ke ba shi gida da gona da doki da tufafi, shi kuma ya riƙe tarihin gidan da kirarinsa. Kowace sana'a tana da sarkinta, Sarkin Magina, Sarkin Maƙera, Sarkin Makaɗa, kuma aikin fada da na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta wancan zamani, ta hannunsu yake bi. Aiki ne na shekara sukutum, shi ya sa ɗa ke gadon uba ba tare da an roƙe shi ba. Da aka sauya tsarin ƙananan hukumomi a 1976, baitulmali ya bar hannun sarakuna. Kayan masana'anta da na ƙasashen waje kuma suka cika kasuwa: roba ta kori ƙwarya, siminti da kwano suka kori tubali da azara, ɗinkin keke ya kori na hannu. Ubangida ya yi rauni, mai saye ya ragu, ba a kuma kafa wani abin da ya maye gurbinsu ba. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da hukumar tarihi da al'adu, gwamnatin tarayya ma ta kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu a 2023, aka ba 'yar jihar nan, Hannatu Musawa, riƙonta. Amma hukuma ba ta iya zama abokiyar cinikin kowane baduku.

Akwai wani ciwon da ba a cika son faɗa ba, shi ne raini. Muna alfahari da Mamman Shata, ɗan Musawa da ke kwance a Daura, muna tuna cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma gidaje nawa ne za su ba ɗan makaɗi ko ɗan baduku 'yarsu ba tare da an yi ta ƙus-ƙus ba? Yaron da ya ga ana kiran ubansa maroƙi, ya ga kuma aikin ba ya biya, ba zai zauna ya koya ba. Zai nemi babur ya yi acaba, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Saboda haka mafi yawan kuɗinku, in da ni ne, a kan koyon sana'a zan sa su. Ku zaga unguwanninku ku nemo tsofaffin gwanaye waɗanda babu yaro a gabansu. Ku zaɓi biyu ko uku, gwargwadon ƙarfinku. Ku yi yarjejeniya a rubuce gaban mai unguwa: gwani zai karɓi yara biyu, ƙungiya za ta riƙa ba shi wani abu duk wata, ta ba yaran kuɗin abinci, ta sayi kayan aiki. Kuɗin yaran nan kada ku raina shi, shi ne ke hana iyaye janye ɗansu su tura shi talla ko ga-ruwa. Ku tsara lokacin yadda ba zai ci karo da boko da Islamiyya ba. Sannan ku lissafa kuɗin na shekara biyu aƙalla. Ɗinkin hannu da dukanci ba a ƙware a cikinsu a wata uku, kuma tallafin da ya katse a tsakiya ya fi rashinsa ɓata rai. In kuɗin ba za su ɗauki gwani uku shekara biyu ba, ku ɗauki ɗaya.

Kada ku manta da cikin gida. Mata ne ke ɗinka hula, su ke saƙa faifai da mafici, amma hular da ta ci kwanaki a hannun mace tana bi ta hannun dillalai kafin ta isa kasuwa, ribar kuma a can take tsayawa. Matan ƙungiyarku za su iya shiga gidajen nan, su sayi zare da yadi a sari su raba, su haɗa masu ɗinkin da mai saye kai tsaye. Wannan ba ya cin kuɗi da yawa.

Koyo ba shi da amfani in babu ciniki, a nan ne kuma attajiranku za su fi taimakawa fiye da ba da gudummawa. Ku roƙe su abu ɗaya: kyautar da suke rabawa a bikin aure, da wadda ake ba baƙo in ya zo gari, a riƙa yin odarta a wurin waɗannan masu sana'a. A ba da kafin alƙalami, a biya sauran ranar da aka karɓi kaya, a daina tayin wulaƙanci. Abin mamaki ne mutum ya biya kuɗin shadda 'yar waje ba ya ko ɗaga gira, amma ya tsaya yana ja-in-ja da tsohon da ya yi sati yana haɗa masa alabe. Matasanku masu wayar hannu su ɗauki hotunan kayan da kyau, su sa a Facebook da WhatsApp da farashi a fili, kuɗi su shiga asusun mai sana'ar kai tsaye.

Tarihin Katsina kansa ya nuna abin da ɗan ƙaramin tallafi ke haifarwa in an sa shi inda ya dace. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, biyu na malaman da ke koyarwa a Katsina ne, Malam Bello Kagara da ƙanensa Abubakar Imam. Ba rumfa aka kafa ba. Kyauta aka sa, aka buga aikin, aka kai shi makarantu inda za a karanta. Ku ma za ku iya sa gasar gajeren labari ko rubutacciyar waƙa tsakanin makarantun sakandaren yankinku, amma da sharaɗin za ku buga waɗanda suka yi nasara, ko da ƙaramin littafi ne.

Wani ɗan kaso ku ware shi ga ɗaukar murya. Tsofaffin da suka haddace kirarin ƙofofi da na sarauta, da waɗanda suka san waye ya gina wane soro, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kaset ɗin da ke jibge a shaguna kuma zafi da ƙura na cinye shi. Waya mai kyau ta isa. Sai dai ku nemi izini, ku biya mutum ladan zamansa, ku rubuta sunansa da ranar da wurin, ku ba iyalinsa kwafi, ku kai wani kwafin zuwa sashen Hausa ko na tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shafi abin da ake sawa a intanet, don haka ɗora waƙar wani a YouTube a ci kuɗinta ba da sanin magadansa ba cin haƙƙi ne ga doka da kuma addini.

Gine-gine kuwa sai da hattara. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, wadda yanzu ita ce gidan tarihi, suna ƙarƙashin kulawar hukuma, ba ku da ikon taɓa su. Abin da za ku yi musu shi ne ku yi hayar mota ku kai 'yan firamare su gani. Yara da yawa an haife su a birnin nan ba su taɓa shiga gidan tarihin ba. Amma a unguwarku akwai tsofaffin zauruka da soraye na ƙasa waɗanda masu su suka gaza gyarawa. In za ku taimaka, ku kira magini na gargajiya, kuma ku hana a shafa siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi ya fitar da shi. In aka rufe shi da siminti danshin ya maƙale a ciki, bango ya ruɓe ba a gani, wata rana ya zube gaba ɗaya. Abin da yake buƙata yaɓe ne a kai a kai, da makuba, da gyaran indararo domin ruwan sama ya faɗi nesa da gindin bango. Kowane zaure da aka gyara, a sa yaran da ke koyo su kama aiki tare da maginin.

Masu son biki ba na ce su haƙura har abada ba. Ku jinkirta shi zuwa lokacin da yaran za su sami abin nunawa, ku mai da shi kasuwa: kowane mai sana'a da shimfiɗarsa da farashinsa, makaɗa a yi jinga da su tun kafin ranar, a biya su kafin a biya mai rumfa. Ku sa shi kusa da sallah, lokacin da 'yan garin da ke Kaduna da Abuja da Legas suka dawo gida da kuɗi a aljihu. Jawabi ɗaya ya isa.

A taronku na gaba ku naɗa mutum uku, ɗaya a cikinsu mace, su zaga su kawo sunayen gwanaye da abin da kowannensu ke buƙata. Maganar magina ku fara da ita, domin yaɓe aikin rani ne, in damina ta faɗi sai baɗi.