Mutum mai rikiɗa kyarkeci: amsa ga ɗan'uwa a Kano

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Turawan da muke zaune cikinsu a Amurka sun yarda mutum na rikiɗa ya koma kyarkeci, tunda ka ga hotunan yara da fuskar gashi a ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halloween da yara ke shigar dodanni suna bin ƙofofi neman alewa. Da wuya ka sami baligin da ya ɗauki abin da gaske. Kakanninsu na Turai kam sun yarda, kamar yadda ake ba mu labarin masu rikiɗa kura a gida, har an kashe wani Peter Stumpp a Jamus a 1589 bisa wannan zargi. Amma dodon da yaran yanzu suka sani, silima ce ta ƙera shi.

Kamfanin finafinai na Universal ya fara da fim ɗin Werewolf of London a 1935, labarin masanin tsirrai da dodon ya ciza a Tibet. Bai yi tashe ba. Wanda ya kafa ƙa'idojin shi ne The Wolf Man na 1941, da Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayin Larry Talbot. Marubucinsa Curt Siodmak Bayahude ne da ya gudo wa 'yan Nazi daga Jamus, kuma hakan ya nuna a labarin: mutumin kirki ne masifa ta faɗa wa ba da laifinsa ba. Cizo ke yaɗa la'anar, azurfa ke kashe mai ita, kuma mahaifin Talbot ne ya kashe shi da sanda mai kan azurfa. Cikakken farin wata da kowa ke ambato ma, sai a fim ɗin da ya biyo baya a 1943 aka ɗaura rikiɗar a kansa sosai.

Aikin fuskar dodon na Jack Pierce ne, mai yi wa 'yan wasan kamfanin kwalliya. Hancin roba zai fara sa wa ɗan wasan, sannan ya riƙa manna gashin yak, wata saniyar tsaunukan Tibet mai dogon gashi, layi bayan layi da danƙo, ya datse, ya babbake bakin gashin da ƙarfe mai zafi don ya yi kaushi. Kusan awa shida kenan. Wajen rikiɗar kuwa, kafe kyamara ake yi wuri guda, a ɗauki ɗan kaɗan, a tsaya, a ƙara gashi, a sake ɗauka, daga baya a narkar da hotunan cikin juna. Idan kan ɗan wasan ya ɗan gusa, sai fuskar ta yi tsalle a allo, aikin ya ɓaci. A na 1941, ƙafafu aka fi nunawa suna canzawa.

Game da yadda mu Hausawa ke yi ranar Halloween ɗin, 31 ga Oktoba: yawancin gidajenmu ba sa tura yara bin ƙofofi neman alewa. Kashe fitilar ƙofar gida ake yi, don a nan alama ce ta kada a ƙwanƙwasa, kuma masallatai da dama na tara yara a daren. Finafinan kuwa, iyaye na duba harafin da ke nuna shekarun da suka dace a kalli fim kafin a kunna. Tsofaffin baƙi-da-fari kusan babu jini a cikinsu, amma An American Werewolf in London na 1981, wanda Rick Baker ya ci kyautar Oscar da kwalliyarsa, harafin R gare shi saboda jini da tsiraici, ba a kunna shi gaban yara.